Amsa: Tsohon turken wuta a rufin ɗaki

Malam, ka ce ka samu tsofaffin turakun wutar lantarki a Daura da araha, kana tambaya ko za su yi maka rufin ɗaki tunda gara ba ta cin su. Gaskiya ni dai ban ba ka shawara ba.

Baƙin man nan mai warin kwalta da aka jiƙa su da shi kiriyosot ne, daga kwaltar kwal ake tace shi. Shi ke korar gara, amma masana sun sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa (ciwon daji). Tun 2003 Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi, sai kamfanoni masu aikin turakun wuta da katakon layin dogo, kuma a can doka ta haramta sa irin katakon cikin ɗaki ko wurin wasan yara.

Ka duba turken da zafin bazara, za ka ga man yana tsattsafowa, in ya taɓa fata har ƙuna yake yi. To ina ga ɗakin da iyali ke kwana? Kada kuma a bari mata su yi girki da guntayensa.

Ka nemi azarar giginya, ita ma gara ba ta cika damunta ba.