Kada ka taɓa harafin farkon babi

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na hana ka sauya kalmar da ta buɗe babi a tsohon littafin nan da muke sake bugawa, alhali kana da wadda ta fi ta daɗin karatu. Marubutan dā sukan ɓoye magana a haruffan farko, mai ɗab'i kuwa yana iya kashe ta bai ma sani ba.

A 1499 maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Benis na Italiya ta fitar da littafin labari mai suna Hypnerotomachia Poliphili, ba a rubuta sunan mai shi ba. Babi 38 ne, kowanne ya fara da babban harafi mai ado. In ka jera haruffan nan bi da bi, jimlar Latin ce za ta fito, tana cewa Francesco Colonna, wani malamin coci, ya so Polia so mai tsanani. Polia ita ce budurwar da ke cikin labarin. Da wani yaro mai saurin hannu ya gyara kalma guda, da sunan ya gurgunce.

A Ingila an yi ɓarnar. Thomas Usk, wanda aka kashe a 1388, ya ɓoye saƙo mai ƙarewa da sunansa a haruffan farkon babobin littafinsa Testament of Love. Da William Thynne ya buga shi a 1532 cikin ayyukan Chaucer, shahararren mawaƙin Ingila, sai takardun kashi na uku suka hautsine, babobi suka bar gurbinsu. Farkon saƙon na karantuwa, ƙarshensa ya zama shirme, aka shafe shekaru sama da 300 ana cewa littafin Chaucer ne. Sai a 1897 wani masani mai suna Henry Bradley ya mayar da takardun mazauninsu, sunan Usk ya bayyana. Wannan yana ci mini rai, domin a hannun masu sana'armu mutum ya rasa littafinsa.

Mu ma muna da shi: Nana Asma'u tana da waƙar da haruffan farkon baitocinta suka haɗa ayar "fa inna ma'al usri yusra".

Don haka kafin ka taɓa tsohon rubutu, ɗauki takarda ka rubuta harafin farkon kowane babi daga sama zuwa ƙasa, ka karanta. Galibi ba za ka ga komai ba. In kalma ta fito, ko rabi ce, ka kawo mini. Kuma ka bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ɗinki.