Tambayi Likita: Raunin Ƙashi a Jikin Iyayenmu Mata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu mai shekara 68 ta zame a tsakar gida, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Mai ɗori ya ɗora, ya warke. Yayata ta ce tsufa ne kawai. Da sauran abin da za mu yi? Daga Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Da saura, kuma kada ku yi sanya. Ƙashi mai lafiya ba kasafai yake karyewa don mutum ya faɗi daga tsaye ba. In haka ta faru ga macen da ta daina al'ada, abin da muke fara zargi shi ne cutar raunin ƙashi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke kare ƙashi yana raguwa, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa daga ciki kamar azarar da gara ta ci: waje lafiya lau, ciki duk ramuka. Cutar ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi, shi ya sa ake shan mamaki. A duniya, kusan mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 kan samu irin wannan karaya.

Abin da nake ji wa Hajiya tsoro shi ne karaya ta biyu, musamman ta ƙugu, wadda kan kwantar da tsohuwa wata da watanni, wata ma ba ta sake takawa da ƙafarta. Ku kai ta wurin likitan ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano, ku gaya masa yadda ta faɗi, ku nemi a auna ƙarfin ƙashinta.

Tambaya: Likita, yaya ake gwajin? Innata tana tsoron allura. Daga Hotoro.

Amsa: Ki kwantar mata da hankali, babu allura. Sunansa DEXA. Za ta kwanta rigingine a kan gado da kayanta, na'ura ta bi ta kan ƙugu da ƙashin baya, cikin kamar minti 15 an gama. Sakamakon lamba ce: in ta kai -2.5 ko ƙasa da haka, cutar ta tabbata. Duk macen da ta kai shekara 65 ya kamata ta yi, ko da garau take jin kanta. Wadda ba ta kai ba ma ta yi, in al'adarta ta ɗauke da wuri, ko mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, ko ta lura tsawonta na raguwa, bayanta na ranƙwafawa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna cutar sai ta yi nisa.

Tambaya: Shekarata 57, na daɗe ina shan ƙwayar dexamethasone daga kemis saboda ciwon gwiwa. Da matsala? Daga Kurna.

Amsa: Hajiya, da matsala babba. Wannan ƙwaya da 'yar uwarta prednisolone suna cin ƙashi in aka daɗe ana sha, kuma raina yana ɓaci da yadda ake sayar da su ba takardar likita, har wasu na sha don su yi ƙiba. Amma kada ki yanke ta lokaci guda, yin hakan haɗari ne. Likita ne zai rage miki a hankali, ya tura ki gwaji.

In an samu cutar, akwai magani, kamar alendronate, sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Ki lazimci nono da kindirmo, riɗi, zogale, miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. Ki riƙa fitowa tsakar gida rana ta taɓa fatarki, ki taka ƙafa kullum, a sa fitila a hanyar banɗaki, a kuma goge santsin wurin alwala.