Ƙwallon bolin ɗina ya daina lanƙwasa: in sake sabo ko in gyara ɓawonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma ina buga wasan bolin (bowling, wanda ake mirgina ƙwallo a kan layi don kayar da sanduna) a gasar mako-mako ta unguwarmu. Watanni huɗu da suka wuce na sayi ƙwallo mai ɓawon riyaktif, da farko yana yin kwana mai kyau, amma yanzu sai ya zarce ya wuce inda nake so ya daki sandunan. Wani abokin wasa ya ce in sayi sabo, wani kuma ya ce in goge shi da samfefa mai lamba 500. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar bin ko ɗaya daga cikinsu, domin alamun da ka bayyana sun fi kama da na ƙwallon da ɓawonsa, wato fatarsa ta waje, ya yi sulɓi kuma ya sha man da ake shafa wa layi, ba wanda ya mutu ba.

Tsawon layin bolin daga inda ake sakin ƙwallo zuwa sandar farko ƙafa 60 ne, kuma ba duka ake shafa wa mai ba. A galibin gidajen wasa man yakan kai wajen ƙafa 40, an fi zuba shi a tsakiya, gefuna kuma da kaɗan, sauran layin a bushe. Saboda haka tafiyar ƙwallo kashi uku ce: yana zamewa a kan mai, sannan ya fara kama ƙasa ya lanƙwasa, daga ƙarshe ya miƙe yana mirginawa har ya isa sanduna. Abin da ke yanke inda kowane kashi zai fara, fiye da komai, shi ne ɓawon ƙwallon, tun da shi kaɗai ke taɓa layi. Binciken da hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta fitar a 2008 kan tafiyar ƙwallo ya nuna cewa kaushin ɓawo ne ke kan gaba wajen tasiri, ya ma fi siffar nauyin da ke cikin ƙwallon, wanda masu talla suka fi yawan kururutawa.

Ɓawon riyaktif, wanda ya shigo a farkon shekarun 1990, yana da ƙananan ƙofofi da ke tsotse mai, abin da ke ba shi damar kama ƙasa da ƙarfi. Wannan baiwar ita ce kuma matsalarsa, domin a hankali ƙofofin kan cika, gogayya da layi kuma ta lallashe kaushin da ya zo da shi daga masana'anta. Ka ɗaga ƙwallonka a gaban fitila ka duba zoben da yake birgima a kai: idan wurin yana sheƙi fiye da sauran jikinsa, ko kuwa layukan mai suna daɗewa a kai ba su ɓace ba bayan ya dawo, to ka ga ciwon da idonka.

Game da samfefa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba kuma mai laushi. Faifan soso irin su Abralon, waɗanda aka fi amfani da su, suna zuwa da lamba 500, 1000, 2000, 3000 da 4000, bayan su kuma sai man sheƙi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar cewa kaushi yana ƙara yawan lanƙwasa. Abin da yake canzawa a zahiri shi ne lokacin lanƙwasar. Ƙwallon da aka goge da 500 yana kama ƙasa da wuri ya yi baka mai faɗi a hankali, wanda aka yi wa 4000 ko sheƙi kuwa yana adana ƙarfinsa ya yi nisa, sannan ya karya kwana da zafi idan ya taka busasshen wuri. Idan ka kai ƙwallo mai 500 kan layin da mansa bai da yawa, zai ƙone ƙarfinsa tun a tsakiyar hanya, ya iso sanduna a gajiye, ya bar maka sandar kusurwa a tsaye. Abin takaicin shi ne daga nesa wannan yana kama da ƙwallon da ya ƙi lanƙwasa, sai mutum ya ƙara masa kaushi, ciwo ya ƙaru. Hanyar bambancewa ita ce ka sa wani ya ɗauki bidiyo daga bayanka: wanda ya zame yana isa sanduna yana juyi a kaikaice bai miƙe ba, wanda ya ƙone kuwa ya riga ya miƙe tun da sauran tafiya.

A wurinka, ka fara wanke ƙwallon da ruwan wankin da USBC ta amince da shi, sannan ka duba lambar da kamfanin ya gama shi da ita, wadda akan rubuta a kwali, ka mayar da shi can. Idan 2000 ce, jiƙa faifan da ruwa, ka goge dukan jikin ƙwallon daidai wa daida, kana juya shi ta kowane ɓangare. Ka buga wasa biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, sannan ka matsa mataki ɗaya kawai, sama ko ƙasa. Idan duk da haka bai farfaɗo ba, kai shi shagon masu huda wa ƙwallo ramukan yatsu su cire masa man da ya sha da na'urarsu mai sassauƙan zafi. Kada ka saka shi a tandar girki, domin yana iya tsagewa.

Dangane da zaɓen ɓawo, riyaktif iri uku ne. Tsantsa ya fi dacewa da mai mai yawa ko mai tsawo, mai ƙyalli yana son layin da ya fara bushewa, gauraye kuma yana tsakaninsu. Ɓawon yuretan, wani nau'i daban wanda ya girme su da kimanin shekara goma, ba ya shan mai sosai kuma tafiyarsa a natse take, shi ya sa ƙwararru ke ɗauko shi idan man gajere ne, ko da yake yana tura mai zuwa ƙarshen layi, abin da kan ɓata wa masu riyaktif lissafi. Na roba kuwa kusan miƙe yake tafiya, aikinsa kwashe sandunan da suka rage. Ka riƙa tambayar ma'aikatan gidan tsawon man da aka shafa, ka cire 31 daga ciki: idan ƙafa 40 ne, ƙwallonka ya kamata ya fita daga mai a wajen katako na 9 daga gefe, cikin siraran katakan da aka jera aka yi layin da su. Wannan ƙiyasi ne na farawa, hannunka da saurinka za su gyara shi.

Ka kuma kiyaye doka. A gasar da ke ƙarƙashin USBC ba a yarda a goge ƙwallo da samfefa ba da zarar an fara ƙidayar maki, kuma tun daga Agustan 2019 busasshen tawul kaɗai aka halatta a share shi da shi a tsakiyar wasa. Don haka ka riƙe faifan 2000 da na 3000 a jakarka, ka yi gyaranka a lokacin gwaji kafin a fara, ka kuma share man da ke jikin ƙwallon kafin kowace jifa.