Tambaya da Amsa: Me ya sa nake tangaɗi a kan sirdi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai shekara 22 daga unguwar Birni a nan Damagaram. Kawuna ya bar mini dokinsa tun bara, kuma burina shi ne in shiga ayarin unguwarmu a hawan Babbar Sallah. Sai dai da zarar doki ya bar taƙama, wato tafiyarsa ta sannu, ya shiga sassarfa, sai in fara tangaɗi, likkafa ta suɓuce mini, in koma rungumar kwacciya, wato tudun gaban sirdi. Ina matse gwiwoyina har cinyoyina su yi tsami, amma abin ya ƙi gyaruwa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya cika maka burinka. Abin da ka ɗauko a matsayin magani shi ne yake ƙara maka ciwon. Idan mahayi ya matse gwiwa, ƙafarsa takan zame baya, diddigensa ya tashi, likkafa ta rasa nauyin da zai riƙe ta, shi kuma ya riƙa fitowa daga sirdi kamar ɗanyen ƙwallon mangwaro da aka matse tsakanin yatsu. Doki ma yana jin matsin a haƙarƙarinsa, ya ɗauka umarni ne na ƙara sauri, sai ya ƙara, kai kuma ka ƙara matsewa don tsoro.

Abin da yake riƙe mutum a kan doki shi ne nauyinsa da ya sauka daidai. Ka zauna a kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai, nauyi ya rabu tsakaninsu ba tare da ɗaya ya rinjayi ɗaya ba, sannan kunnenka da kafaɗarka da ƙugunka da diddigenka su jeru a layi guda daga sama har ƙasa, ta yadda da za a zare dokin daga ƙarƙashinka, a tsaye za ka dira. Idanunka su wuce tsakanin kunnuwan doki zuwa inda za ka. Kan babban mutum yana kai kimanin kilo 5, kuma duk lokacin da ka sunkuyar da shi don duba likkafa, kafaɗunka sukan bi shi. Shi kuwa doki, ko a tsaye yake, ƙafafunsa na gaba ne suke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, saboda haka mahayin da ya kife a gaba yana ɗora kaya ne a inda kaya ya riga ya yi yawa, kuma a cikin rairayi irin namu tuntuɓe ba ya da wuya.

Sirdinmu na gargajiya yana da alheri, yana kuma da ruɗi. Tsayin kwacciya da majinginar baya sukan tare mutum kamar an zaunar da shi a cikin akushi, har ya shekara yana hawa bai san cewa sirdi ne yake riƙe da shi ba. Ranar hawa, ka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ka lura da dattawan mahaya lokacin da suka taho a sukwane suka yi zamiya, wato suka ja linzami doki ya tsaya cak, don jinjina. Za ka ga ƙugunsu yana tafiya tare da bayan doki, amma rawaninsu bai ko girgiza ba, hannunsu kuma yana ƙasa kusa da kwacciya.

Batun hannu shi ne ya fi damuna, domin a nan ake cutar da dabbar da ba ta iya kai ƙara. Linzaminmu yana da harshe mai taɓa ganɗar doki da zobe mai kama haɓa, an yi shi ne don taɓawa kaɗan ta wadatar. Mahayin da zamansa bai kafu ba yakan mai da kamazuru, wato igiyar linzami, abin rataya, duk tangaɗin da ya yi sai bakin doki ya biya. Na sha ganin kumfar bakin doki ta koma ja bayan hawa, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Idan ka ji za ka faɗi, ka kama geza. Jan geza ba ya cutar da shi kamar jan ƙarfe.

Ga yadda za ka yi. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ka fita bayan gari inda ƙasa take da laushi, nesa da duwatsu, tare da wanda ya san doki. Ya ɗaura doguwar igiya a ragama, wato igiyar da ake sa wa doki a kai, ya riƙa zagaya da dokin, kai kuma ka saki kamazuru, ka zare ƙafafunka daga likkafa, ka bar su su rataya. Taƙama tana da bugu 4, za ka ji ƙugunka yana karkata hagu da dama. Kada ka hana shi. Bayan minti 10 ku juya zagayen, domin kusan kowane mutum yana da gefen da ya fi dogara a kai. Daga nan ka mai da ƙafa cikin likkafa, ka miƙe tsaye a kanta doki yana tafiya, ka ƙirga zuwa 20 ba tare da ka faɗa gaba ko baya ba. Sai wannan ya zauna maka za ka shiga sassarfa, wadda bugunta 2 ne, ƙafar gaba ta dama tana sauka tare da ta baya ta hagu. Ka fara da taku kaɗan, ka saki tsatsonka, ka riƙa numfashi, domin mai riƙe numfashi jikinsa sandarewa yake yi.

Ka duba kayanka kuma. Idan ka saki ƙafa, gindin likkafa ya kamata ya taɓa idon sawunka, kuma igiyoyin biyu su zo daidai. Idan ƙaramar likkafa ce, tudun da ke bayan yatsu ne kawai zai hau ta, kuma kada ka hau da silifa, don ƙafar da ta zurma cikin likkafa ita ce take sa doki ya ja mutum a ƙasa. Majayi kuwa, wato ɗamarar da take riƙe sirdi a cikin doki, a sake duba shi bayan ɗan tafiya, saboda dawaki da yawa sukan kumbura ciki lokacin ɗauri. Ni kaina ina saurayi sirdi ya taɓa juyewa da ni a gaban jama'a saboda wannan sakaci, na yi wata guda ina jinyar kafaɗa.

Idan ya rage mako 2 a yi Sallah, ka riƙa fita kilisa da babbar riga da rawani, dokin ma da cikakken adonsa, ka kuma kusantar da shi inda ake kiɗa sannu a hankali, don ya saba da amon ganga da kaɗawar tufafi kafin ranar.