Kallon tsuntsaye da kaka: gona ko bakin teku?

Tambaya: Malam, na sayi madubin hangen nesa don in fara kallon tsuntsaye a kakar nan. Da na je bakin teku sai na hango su can nesa kamar ɗige-ɗige. Ko in haƙura in koma gonaki ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka haƙura, lokacin zuwa kawai za ka gyara. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda a yawancin gaɓoɓi, kuma cikar tana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. In ruwa ya janye, tsuntsayen suna can bakin laka suna kiwo. Ka duba jadawalin cikar teku, ka isa saura awa biyu ya cika, ka zauna rana tana bayanka. Ruwan ne da kansa zai koro maka su.

In sun matso, kada launi ya ruɗe ka. Daga Satumba zuwa Nuwamba manya sun zubar da gashin ado na lokacin haihuwa, ga 'ya'yan bana sun cakuɗa da su, kusan kowa ya koma toka-toka. Baki za ka duba: dogo ne, gajere ne, ya lanƙwasa sama ko ƙasa? Sai tsawon ƙafa da yadda yake cin abinci. Wani yakan ruga ya tsaya cak ya tsinta, wani kuma caccakar laka yake ba ɗaga kai.

Abin da ba na so shi ne a tashe su don ɗaukar hoto. Matafiya ne, kitse suke tarawa. A 2022 wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai wata biyar, da aka ɗaura wa na'urar bin sawu, ya tashi daga jihar Alaska ta Amurka bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, kimanin kilomita 13,500 cikin kwana 11. Duk tashin banza guzurinsu yake ci.

Gona ta fi sauƙi. Ka yi sammako zuwa inda aka gama girbi, hatsin da ya zube yana tara kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye, su kuma su jawo shaho. In ana huɗa, tsaya bayan garma, balbela na bin tsutsotsin da aka tono. Ka riƙa ɗaga kai kuma, tsattsewa kan jeru a kan wayoyin lantarki kafin su ƙaura. Amma ka nemi izinin mai gona tukuna, ka kuma bi gefen shinge.