Amsar Gwaggo Kan Ɓoyon Ciki

Assalamu alaikum 'yata. Ya jiki, ya laulayi? Ya maigidan naki da Hajiya? Ya kuke fama da zafin Marwa? Mu ma nan Garwa sai a tsakar gida muke kwana.

Saƙonki ya same ni bayan isha'i. Kin ce kin yi ɓatan wata biyu ana neman na uku, kuma Hajiya uwar mijinki ta ce a gidansu ba a tona cikin fari sai ya tona kansa, awo kuwa sai an kawo ki goyon ciki a wata na bakwai. Kina tambaya ko haka al'adar take, kuma ko rashin kunya ne ki je asibiti tun yanzu. Na ji daɗi da kika tambaye ni, don na san da bakinki ba za ki iya yi wa mahaifiyarki wannan magana ba.

Hajiya ba ta ƙirƙiri komai ba. Haka muka taso. Mace ba ta cewa tana da ciki, balle na fari. Sai dai tsofaffi su gane da kansu, su ga tana yawan tofar da yawu, ko ta tsani ƙanshin daddawa, su yi murmushi su yi shiru. Akwai kunya a ciki, akwai tsoron kambun baka, akwai kuma wani dalili da na fi girmamawa: mafi yawan ɓari a watanni ukun farko yake faruwa. Iyayenmu sun lura da haka tun ba su san asibiti ba, suka ga gara kada a yi shela, don in abin bai zauna ba yarinya ta yi baƙin cikinta a ɗaki, ba tare da kishiyoyi da maƙwabta suna tsegumi ba. Wannan ki riƙe shi. Kada ki gaya wa ƙawaye, kada ki sa a waya.

Amma al'adar ba ta taɓa cewa a ɓoye wa ungozoma ba. Kakarki ungozoma ce a Yelwa, ina yarinya ina ganin mata na sallama bayan magariba, lulluɓe da mayafi, ta shige da su ɗaki ta sakaya ƙofa. Cikinsu bai fito ba, amma ita ta sani, kuma ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa jin sunan kowa a bakinta ba. Aikin da take yi shi ne ya koma hannun ma'aikatan awo. Na yi shekaru a ɗakin haihuwa, abin da na gani da idona zan gaya miki.

Watannin nan da ake ɓoyewa, su ne watannin gini. Tun ran gini tun ran zane. A asibiti da makonni ake lissafi, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, mako 40, wato kwana 280. Shi ne wata tara da 'yan kwanaki da tsofaffi ke ƙirgawa da tsayuwar wata. Kamar mako biyu bayan wannan rana ƙwan mace ke haɗuwa da maniyyin namiji, abin da ido ba ya iya gani sosai, ya gangaro cikin kusan mako guda ya manne a bangon mahaifa. A wannan haɗuwar aka gama maganar namiji ne ko mace, kuma daga ɓangaren uba abin yake zuwa. Na faɗa miki wannan ne don na sha ganin matan da aka tsangwama wai sun cika haihuwar mata, alhali babu hannunsu.

Wajen mako na shida, lokacin da ke kanki kina ta kokwanto ko jinkirin al'ada ne kawai, zuciyar ɗan da ke cikinki ta fara bugawa. Girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. A daidai lokacin ne kuma hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya take rufewa. Zuwa mako na takwas ya kai ƙwayar wake, hannuwa da ƙafafu sun tsiro. Zuwa mako na goma sha biyu, inda kika dosa yanzu, tsawonsa santimita 5 zuwa 6, kamar ɗan yatsanki, amma kusan duk gaɓoɓinsa an riga an kafa su: hanta, ƙoda, hanji, fatar ido. Abin da ya rage girma ne da ƙwari.

Wata rana aka kawo mana wata yarinya da ta yi ɓarin wata uku, tsohuwar da ta rako ta ta ƙunso abin a tsumman zane. Da na buɗe, ga shi kwance a tafin hannuna bai cika shi ba, kai ya fi jiki girma, fata kamar ledar ruwa, amma yatsu biyar-biyar a jere kamar an zana da allura. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe mutum ne." Ita da take cewa ai jini ne kawai.

Ba mu muka fara faɗa ba. Kin karanta a Suratul Mu'minun yadda Allah ya jera matakan: ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, sannan a tufatar da ƙasusuwan da nama. A Suratuz Zumar ya ce halitta bayan halitta a cikin duffai uku. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud kuma ya kawo kwana arba'in sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan. Mai cikin fari takan fara jin motsi tsakanin mako na 18 da na 20, kamar kifi ya wutsila a ƙasan mara, shi ya sa tsofaffi ke cewa ɗa ya yi rai a wata na huɗu zuwa na biyar. Ya daɗe yana motsi kafin nan, ƙanƙantarsa ce ta hana a ji.

To ki duba, 'yata. Duk wannan aiki ana yin sa ne a lokacin da babu wanda ya san kina ɗauke da komai. A lokacin ne kuma yarinya ke aika a sayo mata ƙwayoyin ciwon kai da na amai wurin masu tallar magani a kasuwa, ko a jiƙa mata saiwar da ba a san ƙarfinta ba. Abin da kika haɗiya yana iya isa gare shi ta mabiyiya. Mabiyiyar nan da muke binnewa a bayan ɗaki da mutunci, ita ce bakinsa, ita ce huhunsa. Jininki da nasa ba sa gaurayuwa, amma ta wurinta abinci da iska ke ƙetarawa su bi igiyar cibiya. Magani ma yana ƙetarawa. Kada ki sha komai sai wanda aka rubuta miki.

Ni ma na ɓoye nawa na fari, na ɓoye har wa kakarki, ita da take ungozoma, don kunyar ɗan fari. Damina ce, sauron bakin Binuwai kin san shi. Zazzaɓi ya riƙa kama ni yana saki, ina lulluɓa da zane in ce sanyi ne. Tafin hannuna ya yi fari fat, in na ɗebo ruwa sai in ga duhu-duhu. Naƙuda ta zo mini cikin wata na bakwai. Namiji ne, bakwaini, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Kwana huɗu ya yi, ko suna ba a kai ba. Sai daga baya, da na shiga aiki, na san cewa ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suna taruwa a cikin mabiyiya su rage wa ɗa abinci, su shanye wa uwa jini, kuma mai cikin fari suka fi yi wa illa. Allah ne mai rayawa da kashewa, na yarda da ƙaddara. Amma har yau in na ga yarinya da fararen idanu tana cewa ba komai, gabana faɗuwa yake.

Abin da ake yi a awo ba wani abin kunya ba ne, kuma mata ne za su duba ki. Za a gwada jininki da fitsari, a auna hawan jini, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro. Daga wata na huɗu za a fara ba ki Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, ki haɗiye a gabansu. Akwai allurar da ke kare jariri daga ciwon sarƙe-haƙora mai shiga ta cibiya. Za a yi miki hoton ciki, wanda muke cewa eko, a ga kwanciyarsa da yawan makonninsa, a ga ko tagwaye ne, kin san akwai su a danginmu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko. In kika jira wata bakwai, na farko-farkon duk sun wuce ki. Maganar kuɗi kuwa, ki tambayi takardar nan ta masu ciki da aka shigo da ita yankuna uku na arewacin Kamaru a 2015 a kan sefa 6,000, wadda ta haɗa awo da haihuwa.

Za a ce miki kada ki ci ƙwai. Ki ci, dafaffe. Ki ci kifi, wake, gyaɗa, kindirmo, miyar zogale da ta yakuwa da tafasa. Shayin nan mai kauri da kuke sha a Marwa ki raba shi da lokacin cin abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke gina jini. Farar ƙasa in kwaɗayinta ya taso ki gaya musu a awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Sauran watannin girma ne. A mako na 20 saman mahaifa ya kai cibiyarki. Wajen wata na shida zuwa na bakwai yana jin sauti, muryarki ta fi kowace kusa da shi, don haka ki yawaita karatu. A mako na 28 ya kai kilo ɗaya, yana buɗe ido. Huhu ne ke jinkirin ƙwari, sai can wajen mako na 34 zuwa 36. Shi ya sa zancen nan da ake yi wai bakwaini yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, ba haka ba ne. Kowane mako da ya ƙara a ciki ƙarfi ne gare shi. In kin ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, ko motsi ya ragu, ba a jiran gari ya waye.

Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita, uwa ce, jikanta take karewa da abin da ta sani. Ki gaya wa maigidanki cikin dare, a hankali, ki nuna masa wannan saƙo in kina so. Shi ya kai ki da kansa da sassafe, ki sa hijabinki, babu wanda zai san inda kuka nufa. Ni zan kira ta ranar Juma'a mu gaisa, maganar manya ce, ki bar mana. Zan gaya mata abin da ya same ni.

Goyon ciki yana nan, ba a fasa ba. Babanki ya ce a fara tara itacen wankan jego, na ce a tara, amma ruwan ba zai yi zafin da aka yi mana ba, kuma kanwa kaɗan za a sa a kunu, wannan sai kin zo mu zauna. In wata na bakwai ya kama, a bi da ke a hankali, hanyar Marwa da tsawo, a tsaya a Figil ki miƙe ƙafa. Ki zo da katin awonki a cikin jaka, ina so in ga abin da suka rubuta tun daga shafin farko. Allah ya raba lafiya. Ki gaishe da Hajiya da kyau.