Shekara takwas ɗana yana hannun waɗanda suka sace shi: kotu za ta yanke musu hukuncin kisa?

Assalamu alaikum Barista. Ni magidanci ne a Gusau. Shekara takwas da suka wuce aka ɗauke ɗana a ƙofar gida bayan la'asar, yana ɗan shekara biyar. Babu wanda ya kira mu neman kuɗin fansa, shiru kawai. Bana 'yan sanda suka kama wata mata da ta taɓa zama unguwarmu, ta faɗi inda ta kai shi, aka same shi a wata jiha ta kudu wurin wata da ta ce kuɗi ta biya aka ba ta shi riƙo. An sauya masa suna, ko Hausa ba ya ji. Har yanzu yana hannun hukuma, an ce sai an yi gwaji. Dangin matar suna ta turo mini dattawa a yi sulhu su ba ni kuɗi. Ni kuwa so nake a kashe ta, tunda na ji Zamfara tana da dokar kisa kan masu satar mutane. Me doka ta ce?

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ku ladan haƙurin da kuka yi, ya kuma raya wannan yaro a hannunku. Zan fara da amsar da ba za ta yi maka daɗi ba: da wuya wannan shari'a ta kai ga hukuncin kisa, kuma idan kuka kafe a kansa, kuna iya rasa abin da ya fi shi amfani a gare ku.

Gaskiya ne akwai dokar. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya sa hannu kan dokar da ta tanadi kisa ga wanda aka samu da laifin ta'addancin daji, satar shanu ko garkuwa da mutane. Sai dai sashe na 36(8) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda yake aiki a ranar da ya aikata laifin. Ɗanka an ɗauke shi shekaru kafin a yi wannan doka. Lauyan gwamnati yana iya cewa laifin bai ƙare ranar da aka ɗauke yaron ba, ya ci gaba muddin yana tsare, har bayan 2022. Magana ce mai ma'ana, amma lauyan matar zai amsa cewa ita ta miƙa shi tun farko ta wanke hannunta, tsarewar da ta biyo baya kuma a wata jiha aka yi ta, inda dokar Zamfara ba ta da iko. Tuhumar da aka gina kan wannan gardama tana iya rushewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara bayan an sha shekaru ana kai-kawo. Ko an yanke kisan ma, ba a zartar da shi sai gwamna ya sa hannu bayan ƙarewar duk ɗaukaka ƙara, gwamnonin ƙasar nan kuwa ba kasafai suke sa hannu ba.

To me ya rage? Ba kaɗan ba ne.

Kundin dokokin laifuka na Pinal Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya bayyana a sashe na 271 cewa duk wanda ya ɗauke ko ya yaudari yaro namiji ɗan ƙasa da shekara 14, ko yarinya 'yar ƙasa da 16, daga hannun mai kula da shi ba da yardarsa ba, ya yi satar mutum. Sashe na 273 ya sa hukuncin ɗauri har zuwa shekara goma, da tarar kuɗi. Wannan shi ne laifin farko, na ƙofar gida. Na biyu shi ne cinikin. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tarayya ce, don haka ba ta tsayawa a kan iyakar jiha. Ta haramta saye da sayar da ɗan adam, ta sa mafi ƙarancin ɗauri shekara biyar da tarar kuɗi, kuma ta kama mai sayarwa da mai saye da dillalin da ke tsakaninsu. A nan nake so ka sa ƙarfinka. Matar unguwarku ba ita kaɗai ba ce; da ɗan gari akan ci gari, amma akwai wanda ya sa yaron a mota, akwai wanda ya karɓe shi a can, akwai wanda ya rubuta masa takardar haihuwa da sunan ƙarya. Ita kuma wadda ta ce riƙo aka ba ta, sai ta fito da umarnin kotu, domin a doka ba a karɓar ɗan wani riƙo da kuɗi hannu da hannu. Idan ba ta da shi, ko ya zama na jabu, mai saye ce.

Kada shekara goma da shekara biyar su sa gwiwarka ta yi sanyi. Kowane laifi tuhuma ce mai zaman kanta: haɗa baki, satar yaro, sayarwa, tsare shi ba bisa doka ba, buga takardun bogi. Alƙali yana da ikon cewa a yi zaman kowace tuhuma ɗaya bayan ɗaya maimakon a haɗe su. An ga haka a Kano. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha a jihar Anambra, an sauya musu sunaye. A 2021 Babbar Kotun Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Zuwaira Yusuf, ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma da satar yaran, ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa tuhuma 38. Ba wata sabuwar dokar kisa ce ta kawo wannan adadi ba, jera tuhume-tuhumen da aka yi da kyau ne da umarnin a yi su a jere. Ka lura dai shi yara da yawa ya sata, saboda haka kada ka sa ran wannan lissafin a shari'ar yaro ɗaya.

Na san wasu za su ce maka ka nemi a kai ta kotun shari'ar Musulunci, tunda Zamfara ce ta fara aiki da kundin laifuka na shari'a a 2000. A fiƙihun Malikiyya satar ƙaramin yaro daga inda ake tsare irinsa tana cikin satar da ke wajabta haddi. Imamu Malik ya faɗe ta a Muwaɗɗa, Shehu Khalil kuma ya kawo ta a farkon babin sata cikin Mukhtasar. Malamanmu ba su taɓa ɗaukar wannan laifi da wasa ba. Matsalar ita ce kotun shari'a tana hukunta Musulmi ne, kuma ba ta da iko da laifukan dokar fataucin mutane, waɗanda Babbar Kotun jiha ko ta tarayya ke saurara. Idan aka kai matar can ita kaɗai, an raba shari'ar biyu, sauran masu hannu kuma sun samu hanyar zamewa. A ganina a gurfanar da su gaba ɗaya gaban Babbar Kotu ya fi.

Yanzu batun dattawan da ake turo maka. Ka karɓe su da mutunci, ka ba su ruwa, amma kada ka karɓi ko kwabo, kada kuma ka sa hannu a kowace takarda. Satar yaro laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Kai shaida ne, ba kai ke da ƙarar ba, yafiyarka tsakaninka da Allah ba ta rufe fayil. Kwamishinan Shari'a ne sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye tuhuma. Karɓar kuɗi don a rufa wa mai laifi asiri shi kansa yana iya zama laifi a kanka. Kuma abin da yakan biyo bayan irin wannan sulhu sananne ne: uban yaro ya daina zuwa kotu, shaidu su watse, a yi ta ɗage zama har alƙali ya kori ƙara. Idan kuɗi ne, akwai hanyarsa ta halal. Sashe na 78 na Pinal Kod ya ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya ga wanda ya cutar, dokar 2015 ma ta ba wanda aka yi fataucinsa haƙƙin neman diyya. Ka gaya wa lauyan gwamnati tun yanzu cewa kana so ya roƙa, domin sau da yawa ba a roƙa, kotu kuma ba ta bayarwa. Ka tattara shaidar abin da ka kashe wajen cigiya da tafiye-tafiye.

Abin da ya fi gaggawa shi ne yaron ya dawo gida. Gwajin DNA da aka ce za a yi, ka ba da haɗin kai, kai da mahaifiyarsa, ka kuma nemi kwafin sakamakon. Ka nemo takardar rahoton ɓatansa da ka kai ofishin 'yan sanda a wancan lokaci, da hotunansa, da katin rigakafi, da takardar haihuwa, da shaidar mai unguwa. Idan sakamako ya fito aka ci gaba da jan ƙafa, lauya zai iya neman Babbar Kotu ta ba da umarnin a miƙa maka shi. Daga nan sai takardar rantsuwa ta kotu don a mayar masa da sunansa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da makaranta. Nasabarsa da gadonsa ba su taɓa motsawa ba, ko da an yi shekara nawa ana kiransa da wani suna.

Akwai wani abu da iyaye kan yi da kyakkyawar niyya ya ɓata shari'a. Ɗanka yana da shekara 13, kuma sashe na 209 na dokar shaida ta 2011 ya ce yaro ɗan ƙasa da 14 ba a rantsar da shi, ba a kuma ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai wata shaida ta ƙarfafa ta. Saboda haka kada a zaunar da shi ana karanta masa abin da zai faɗa, kada a ɗauki bidiyonsa a sa a Facebook. Lauyan waɗanda ake tuhuma zai ce koya masa aka yi. Zai buƙaci tafinta a kotu, yana da haƙƙin a samo masa. Kuma kada ku yi mamaki idan ya yi kukan waccan matar. Ita ya sani a matsayin uwa tun yana ɗan shekara biyar, ba butulci ba ne. NAPTIP tana da masu ba irin waɗannan yara shawara, ofishinta na shiyya yana Sakkwato.

Game da hukuncin da ya dace kuwa, ina tare da kai a kan cewa dokar ta gaza. Sashe na 273 bai bambanta wanda ya riƙe yaro kwana uku da wanda ya raba shi da iyayensa shekara takwas ba, iyakar duka shekara goma ce. Majalisunmu sun mai da hankali kan garkuwa don kuɗin fansa, kuma da dalilinsu, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021. Amma mai satar yaro don sayarwa ba ya niyyar mayar da shi ko an biya, yana shafe masa suna da harshe da dangi ne gaba ɗaya. Da za a tambaye ni, ɗaurin ya riƙa ƙaruwa da yawan shekarun da yaro ya yi a hannunsu, mai saye ya sha daidai da mai sata, wanda ya maimaita kuma ya samu ɗaurin rai da rai. Kisa ga kowace satar yaro ina tsoronsa, domin ɓarawon da ya san igiya ke jiransa ko yaron na raye ko ba ya raye, ba shi da dalilin barinsa da rai idan ya ga za a kama shi.

A wannan makon ka bincika ko 'yan sanda sun aika fayil Ma'aikatar Shari'a don a ba da shawarar tuhuma, domin a nan ne shari'u da yawa ke kwanciya bayan majistare ya tura mutum gidan yari. Ka rubuta wa Kwamishinan Shari'a da NAPTIP takarda kana neman a haɗa da mai saye da dillalai, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka ɗauki lauyan da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadinka. Idan babu hali, ka je ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Gusau. Idan aka nemi belinta, ka sanar da lauyan gwamnati cewa danginta suna zuwa gidanka, da ranakun da suka zo da waɗanda suka gani, domin alƙali yana duba yiwuwar a taɓa shaidu kafin ya ba da beli.